Zan shiga Abuja da mota daga Jos, yini ɗaya: ina zan ajiye ta?

Baban Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san Abuja. Ranar Talata in Allah ya kai mu zan kai Hajiyarmu Asibitin Ƙasa, an ba ta ƙarfe 10 na safe ta ga likitan ƙashi. Tunda dai na shiga garin, ina so in leƙa Sakateriyar Tarayya in bi takardun marigayi mahaifinmu a ma'aikatar da ya yi wa aiki, kuma maiɗakina ta ba ni saƙon Kasuwar Wuse. So nake mu je mu dawo Jos a ranar. Motata zan ɗauka, don gwiwar Hajiya ba za ta jure matsin motar haya ba. Tuƙin bai dame ni ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne inda zan ajiye motar, don kullum sai in ji an ce janwe ya ɗauke motar wane.

Kawu na Gangare: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne.

Maman Ilham: Amin ya Allah. Allah ya ƙara sauƙi.

Ɗan Taminus: Yaya, ni a ganina kada ma ka shiga da ita ciki. Ka samu gidan mai a Mararraba ko Nyanya, ka ba maigadi na goro ya duba maka, ku hau mota ku shiga. Ba ruwanka da janwe, ba ruwanka da ɓata hanya. Abokaina da yawa haka suke yi.

Maman Ilham: A'a ƙanena, wannan shawarar ta matashi ce mai jaka ɗaya a kafaɗa. Tsohuwa mai ciwon gwiwa fa za a kai. A Karu nake zaune, kullum ta nan nake bi zuwa aiki. In ka bar mota a Mararraba ba ka tsere wa cunkoso ba, cikinsa za ka zauna, sai dai a motar wani, mutum huɗu a baya. Kuma motocin nan na bakin hanya ba a ƙofar asibiti za su sauke ku ba, a kan babban titi za su zubar da ku. Babu acaba a tsakiyar Abuja tun 2006, keke ma an hana shi shiga can. To wa zai ɗauki Hajiya daga bakin titi zuwa ciki? Ga 'yan wan-cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja kamar motar haya su yi masa fashi. Baƙo da tsohuwa da jakar takardu, su tsaya a bakin hanya suna tare motar da ba su sani ba? Ban yarda ba sam.

Ɗan Taminus: Haka ne Anti, ban yi lissafin gwiwar ba. Amma ai akwai Bolt, motar hayar da ake kira ta manhajar waya, daga Nyanya.

Maman Ilham: Akwai. Sai dai in har zai biya Bolt daga can zuwa ciki da dawowa, ga fargabar motar da ya bari a gidan man da ba wanda ya san shi, me ya rage? Ya shiga da abarsa kawai.

Direban Abuja: Baban Sadiq, ka saurare ni da kyau, wannan hanya ita ce wurin cin abincina. Kowa yana maganar fakin, amma lokaci ne zai fara kama ka. Daga Jos zuwa Abuja ta Akwanga ya haura kilomita 250, kuma da tsohuwa a mota ka lissafa awa 5, don dole ka tsaya mata ta miƙe ƙafa ta yi alwala. In ka tashi bayan sallar Asuba, wajen 5:30, Riyom, Hawan Kibo, Forest, Akwanga, Garaku, Keffi, za ka iso Masaka wajen 9:30. A lokacin nan ragowar cunkoson ma'aikata bai gama watsewa ba. Daga Mararraba zuwa Nyanya zuwa Kugbo har AYA, mahaɗar da ake shiga cikin birni ta nan, wurin da ba ya cin minti 20 in hanya a buɗe take, da safe yana iya cinye maka sama da awa guda. Ƙarfe 10 ɗin nan ba za ka same ta ba sai da gudu, kuma ba na so ka yi gudu a gangaren Hawan Kibo da duku-duku, ga hazo ga manyan motoci.

Baban Sadiq: To in na tashi ƙarfe 4 fa, mu yi Asuba a hanya?

Direban Abuja: Kada ka yi. Na farko, duhu a tsakanin Forest da Akwanga ba abin wasa ba ne. Na biyu, tashi ƙarfe 4 zai jefa ka Mararraba ƙarfe 8, wato tsakiyar wutar ke nan. Ka rage barci, ka ƙara haɗari, ka kuma je ka zauna a gosulo.

Kawu na Gangare: Sauri kan haifi nawa. Ɗana, ka ji maganar direba.

Alhaji na Dilimi: Ni bari in amsa ainihin abin da ya tambaya, maganar lokaci a dawo mata. Ina shiga Apo sayen kayan mota, don haka ƙa'idata guda ce: in na shiga Abuja, sau ɗaya nake ajiye mota, a wurin da ke da katanga da geti da maigadi, kuma ba na sake taɓa ta sai zan fita gari. Kai ga shi Allah ya hutar da kai, asibitin yana da harabarsa. Ka shiga, ka sauke Hajiya a ƙofar sashen da za ta, ka je inda masu gadi suka nuna maka ka ajiye. Kada ka ajiye a inda ka ga dama don ka ga sarari, akwai wurin likitoci, akwai hanyar motar ɗaukar marasa lafiya. Daga nan duk inda za ka, ka kira Bolt ko inDrive. Asibitin yana ƙarshen tsakiyar birni ta wajen babban filin wasa, Sakateriya kuma tana ɗaya ƙarshen kusa da Dandalin Eagle, Masallacin Ƙasa a tsakaninsu. Ba nisa a mota. Abin da za ka biya zuwa da dawowa bai kai ciwon kan neman wurin fakin sau uku a gari da ba ka sani ba.

Baban Sadiq: Alhaji, ba za a ce na mayar da asibiti garejin ajiya ba?

Alhaji na Dilimi: Ai mara lafiya ka kawo, kuma tana ciki. Sai dai ka tafi da wani da zai zauna da ita, ƙanwarka ko babban ɗanka. Ka san layin asibiti: kati, awo, jiran likita, wataƙila a ce a yi hoto. A wannan tsakanin ne za ka zaga Sakateriya ka dawo.

Maman Ilham: Wannan kam dole. Kada ka bar ta ita kaɗai. Kuma mace ta fi, saboda shiga banɗaki.

Malam Injiniya: Ni ina da ɗan bambancin ra'ayi da Alhaji a kan Sakateriya. Akwai babban filin ajiye motoci a gefen Dandalin Eagle, nan ma'aikata da baƙi suke ajiyewa su tsallaka da ƙafa. In mutum ya san hanya, zuwa da motarsa ba laifi. Abin lura biyu ne. Wurin yana cika tun da safe a ranakun aiki, kuma in akwai taro a dandalin, irin na 1 ga Mayu ko 1 ga Oktoba ko wani bikin gwamnati, ana rufe hanyoyin wajen, wani lokaci tun jajibiri. Abin da ba zan taɓa ba shi shawara ba shi ne ya ga layin motoci a gefen titin Shehu Shagari ya ce bari in bi sahu. Ba ka san su wane ne masu motocin ba. Wani direbansa yana ciki, wani ma'aikacin wurin ne kowa ya san shi. Kai kuwa da lambar JJN ta Jos, daga nesa an san baƙo ne.

Ɗan Taminus: Wai dama suna duba lamba?

Malam Injiniya: Ba doka ba ce, amma ido yana gani. Kuma akwai dalilin tsaro wanda mutane suke mantawa. A watan Yunin 2011 bam ya tashi a filin ajiye motoci na hedikwatar 'yan sanda, a watan Agustan shekarar aka kai hari da mota ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya, sai na tashar Nyanya a watan Afrilun 2014. Tun daga lokacin masu gadin manyan ofisoshi da ofisoshin jakadanci ba sa son ganin mota a jikin katangarsu babu kowa a ciki. Ba ƙiyayya ba ce. In maigadi ya ce maka matsa gaba, ka matsa, kada ka tsaya musu. In an ce buɗe but, ka buɗe.

Barista: Bari in sa baki a maganar doka, don mutane da yawa tsoronsu ya fi abin da ke ƙasa. Tsarin biyan kuɗin fakin a bakin titi da aka taɓa yi a Abuja, wanda ake sa wa tayar mota kwaɗo in ba ka yanki tikiti ba, babbar kotun birnin ta soke shi a 2014. An yi yunƙurin dawo da shi, amma a watan Agustan 2024 ministan Abuja, Nyesom Wike, ya fito ya ce haramtacce ne. Sannan a watan Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa jami'an VIO, masu duba lafiyar motoci, ba su da hurumin tsayar da mota a hanya, ko ƙwace ta, ko cin direba tara. Don haka wanda ya tare ka ya ce ka biya, kana da 'yancin ka tambaye shi katin shaidarsa da takardar da za a biya ta asusun gwamnati. Kada ka miƙa kuɗi a hannu.

Direban Abuja: Barista, ranka ya daɗe, maganarka gaskiya ce kuma mun gode. Amma ka dubi halin mutumin nan. Mahaifiyarsa tana asibiti, rana tana yi, Jos tana jiransa. In ya fito ya tarar da wayam a inda ya ajiye mota, wa zai karanta wa hukuncin kotu? Na ga wannan da idona a wata unguwa a Wuse. Wani bawan Allah daga Bauchi ya ɗora tayoyi biyu a kan dakalin masu tafiya a ƙasa, ya shiga shago karɓar saƙo. Kafin ya fito an ɗaga gaban motar, ƙugiya ta shiga. Ya biyo janwen da gudu, hularsa a hannu, takalmi ɗaya ya cire, yana cewa magungunan yarona suna ciki. Ko juyowa ba su yi ba. Mu muka nuna masa inda ake kai motocin. Ko da a ƙarshe an ba shi gaskiya, yininsa ya riga ya tafi.

Barista: Ban musa ba. Kuma hukuncin bai ce kowa ya toshe hanya ko ya hau dakalin masu tafiya a ƙasa ba, wannan laifi ne har gobe. Abin da nake so kawai kada tsoro ya sa mutum ya buɗe aljihu ga duk wanda ya sa riga mai ƙyalli.

Alhaji na Dilimi: To kun ga ku biyun abu ɗaya kuke faɗi. Wanda motarsa ke bayan geti ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin wannan.

Maman Ilham: Maganar Kasuwar Wuse kuma, Baban Sadiq, don Allah ka ba Maman Sadiq haƙuri. Ba don babu wurin ajiya ba, akwai fili a cikin kasuwar, ana yankar tikiti a geti. Matsalar shiga da fita ce. Da rana ta take layin geti kaɗai zai ci maka lokaci, ka shiga kana zagaye kana jiran wani ya fita, masu baro suna gogar mota. Waje kuma nan ne aka fi ɗauke motoci. In dole ne, ka je da Bolt, ka sayi abin da za ka saya ka fito. In kuma ka shiga da motarka, tikitin nan ka sa shi a aljihu, kada ka bar shi a kan dashbod. Wanda ya buɗe motar ya samu tikiti, ya samu izinin fita ke nan.

Baban Sadiq: Atamfa ce da lesi na bikin ƙanwarta.

Maman Ilham: Haba. Wace atamfa ce babu a kasuwar Taminus ta Jos? In ma wata kala ce ta musamman, ta turo min hoto in saya in ba direba ya kawo mata. Kada a wahalar da Hajiya saboda wannan.

Direban Abuja: Zan kawo, ba ko sisi.

Baban Sadiq: Allah ya saka muku da alheri. An cire Wuse.

Ɗan Taminus: Ni dai ina da tambaya. Na ji an ce jirgin ƙasa na cikin Abuja ya dawo aiki. Ba zai yi ba mutum ya ajiye mota a tasha ya hau?

Malam Injiniya: Ya dawo a watan Mayun 2024, amma ba ta ɓangarenmu yake ba. Daga tsakiyar birni yake tashi zuwa Idu zuwa filin jirgin sama, da wani reshe daga Idu zuwa wajen Kubwa. Mutumin Kaduna da ya hau jirgi a Rigasa ya sauka Idu zai amfana. Mu da muke shigowa ta Keffi ba layin da ya zo Nyanya, alhali nan ne jama'ar suka fi yawa. Wannan abin yana damuna ƙwarai, don duk safiya dubban mutane ne suke ƙone lokacinsu a kan wannan titi guda.

Kawu na Gangare: Ni tunda aka fara ina karantawa, kuma abu ɗaya ne bai kwanta min ba. Kowa yana ta gyara masa yini ɗaya, alhali yinin ɗayan shi ne matsalar. A ce ma ya samu ƙarfe 10. Likita ya gan ta 12 ko 1. A ce a yi hoto, a karɓi magani. Shi kuma yana Sakateriya, an ce wanda fayil ɗin ke hannunsa ya fita salla. Uku ta yi. Direba, ƙarfe nawa cunkoson fita yake farawa?

Direban Abuja: Daga 4 AYA ta fara cika, Kawu. Wanda bai wuce Nyanya kafin 3:30 ba ya shiga layin masu komawa gida. Ni in ina da fasinjan Jos, ƙarfe 2 nake so in bar gari, in hau Hawan Kibo da sauran haske.

Kawu na Gangare: To ka ji. Mutum ɗaya ya yi tuƙin awa 5 da asuba, ya yini a tsaye, ya sake awa 5 cikin dare da tsohuwa mai ciwon ƙafa a baya. Awa 10 a zaune, gwiwar da aka kai gyara ita za ta fara kumbura. Ɗana, ban hana ka ba, amma a matsayina na wanda ya san mahaifinka, ka tafi ranar Litinin da rana. Ku kwana, ku wayi gari kusa da asibiti, ku gama da wuri, ku kamo hanya ƙarfe 1 ko 2. Kwana ɗaya ba zai talauta ka ba.

Baban Sadiq: Kawu, kuɗin masauki ne nake dubawa, ga mai, ga abin da asibiti zai ci. Kuma Hajiya ba ta son kwanan otal, ka san su.

Maman Ilham: Wane otal kuma? Muna Karu kuna maganar otal? Na yi wa Baban Ilham magana yanzu, ya ce ku zo. Hajiya da ƙanwarka su kwana ɗakina, kai ka kwana ɗakin baƙi, mota kuma cikin gida, akwai geti. Sai dai fita da wuri: ƙarfe 6 muke barin gida in muna so mu wuce Kugbo kafin ta toshe. Za ku isa asibiti kafin 7, ka samu wurin ajiya mai inuwa, Hajiya ta karya a natse, ku kasance farkon layi. Ofisoshi suna buɗewa 8, ka je Sakateriya ka tarar da ma'aikata ba su watse ba.

Kawu na Gangare: Allah ya yi miki albarka, 'yata. Allah ya raya zuri'a.

Alhaji na Dilimi: Masha Allah. To ƙarin abu kaɗan, tunda tafiya ta tabbata. Ka sa bakanike ya duba birki da ruwan lagireto kafin Litinin. Safaya taya da iska, jak, abin kashe gobara, sikoshin, lasin da inshora duk su zama ba su ƙare ba, don jami'an kiyaye haɗurra suna kan hanyar nan. In ka ajiye mota kada a ga jaka ko waya a kan kujera, kuma in za ka mayar da kaya but ka yi tun kafin ka iso, ba a gaban idon jama'a ba. In ka danna makulli ka ja murfin da hannunka ka tabbatar ya kulle.

Direban Abuja: Kuma tun farkon 2025 ana biyan tolget a tsakanin Akwanga da Keffi, ka ajiye katin ATM kusa. Cikin gari kuma ka kiyayi danja da hannu ɗaya. Titunan tsakiyar birni da yawa tafiya ɗaya ce, in ka wuce kwanarka kada ka yi ribas, ka je gaba ka zagayo ko da nisa.

Malam Injiniya: Ni da zan tafi ranar Litinin da rana, ta Manchok, Kagoro, Kwoi, Jere zan bi in faɗo Bwari. Ba Mararraba ba Nyanya.

Direban Abuja: Yallaɓai, wannan ga mai zuwa Kubwa ko Gwarimpa ko Dei-Dei ne. Shi Karu za shi. In ya faɗo ta Bwari sai ya ratsa Abuja gaba ɗaya, ya je ya shiga layin masu fita ta AYA da yamma. Ta Keffi kuwa da rana hannun shiga a buɗe yake, kowa fita yake yi. Kuma wanda bai san waccan hanyar ba, ban so ya fara koyonta da tsohuwa a mota.

Malam Injiniya: Na karɓa, ga mai zuwa Karu ta Keffi ta fi.

Baban Sadiq: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan je wurin Hajiya bayan Magariba in gaya mata maganar kwana, in ta amince sai in kira ƙanwata ta shirya. Maman Ilham, zan yi miki magana ta gefe ki ba ni lambar maigida.

Mai Fenti: Salam. Yanzu na hau na ga zancen. Ni ranar Juma'a zan shiga, Dei-Dei zan fara ɗaukar kaya a fikof, kuma ina so in samu Juma'a a Masallacin Ƙasa. Akwai inda zan ajiye mota da kaya a bayanta?

Alhaji na Dilimi: Kada ka kai fikof da kaya can ranar Juma'a. Tun wajen 12 titunan gefen masallacin suke cika, sahu yana fitowa har waje, wanda ya ajiye a ciki kuma sai kowa ya watse yake samun fita. Ga masu karɓar haraji da idonsu ke kan duk motar da ta ɗauko kaya a cikin gari. Ko dai ka yi salla tukuna da mota wayam sannan ka wuce kasuwa ka kwana, ko ka loda da safe ka yi Juma'arka a nan Dei-Dei ka kama hanya. Ƙarfe nawa masu shagon suka ce kayan za su haɗu?

Mai Fenti: Sun ce 11.

Direban Abuja: To ka yi salla a Dei-Dei. Kai kam ta Bwari da Jere za ta fi maka, amma da kaya a baya kada ka wuce ƙarfe 2:30 ba ka tashi ba.